Rigar Mai Ɗaukar Hoto a Ranar Ɗaurin Aure

Damina ta wuce, an kai amfani gida, kuma daga yanzu har ƙarshen Disamba da wuya Asabar ta zo ta wuce ba a ɗaura aure a ɗaya daga cikin majami'unmu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗauko wata magana da ke kama da ƙarama, amma mun ga ta ɓata wa wasu ranar da ba za ta sake dawowa ba: kayan da mai ɗaukar hoto ke sawa in ya shigo aiki cikin majami'a.

Bari mu faɗi abin da ya jawo maganar. Akwai wani aure da muka ɗaura a wata ƙaramar ekklesiya, ba sai mun ambaci sunanta ba. Mai hoton saurayi ne, an ce ya iya aikinsa, kuma mun yarda. Ya zo da jar rigar ƙwallo mai lamba a baya, da wando irin wanda ba ya zama a ƙugu, da hular hana sallah a kansa. Da aka zo sa zobe, sai ya durƙusa a gaban layin Zumuntar Mata domin ya sami hannuwan ango da amarya, wandon nan kuwa ya sauka inda bai kamata ba. Mata suka kau da kai, yara suka fashe da dariya. Wani dattijo ya tashi a fusace, ya kama shi a hannu ya fitar da shi waje. Aka sa zobe, aka yi addu'a, aka sa hannu a takardar aure, babu mai ɗauka. Har yau ma'auratan nan ba su da hoton alkawarinsu ko ɗaya, sai wani mai duhu da ƙanwar amarya ta ɗauka da waya daga can baya. A layin gaba kuma, kusa da iyayen ango, wakilin mai unguwa ne zaune tare da maƙwabta Musulmi da suka amsa gayyata.

A cikin sujadar aure kowa yana da wurinsa. Fasto yana gaban bagade, mawaƙa suna kujerunsu, jama'a suna zaune. Mutum ɗaya ne kawai yake yawo, ya je hagu ya dawo dama, ya tsaya tsakanin jama'a da abin da suka zo gani. Ko ya so ko bai so ba, ido yana kansa. Saboda haka abin da za a ƙyale ga yaron da ke zaune a bencin baya ba za a ƙyale shi ga mai hoto ba. Mu kuma da muke zaune a garuruwan da ba mu da yawa, mun san ranar aure da ranar jana'iza su ne ranakun da maƙwabci ke taka ƙofar majami'a. Abin da ya gani a cikin awa biyun nan shi zai riƙe shekara da shekaru a kan yadda Kirista ke tsayawa a gaban Allah.

Amma ba mu ɗora laifin ranar a kan yaron kaɗai ba, kuma mun faɗa wa dattijon haka. Bayan sujada ya kawo mana misalin da ke Matta sura 22, na mutumin da aka fitar daga bikin ɗan sarki domin bai sa rigar biki ba. Muka ce masa, Baba, wannan misali a kan shirin zuciya yake magana, ba a kan yadi ba, kuma ko a can sarki ne ya yi hukunci. In nassi za mu nema, Yaƙub sura 2 ta fi kusa da mu, inda aka tsawata wa masu girmama mai kyakkyawar tufa suna wulaƙanta mai tsumma. Wa ya gaya wa yaron nan abin da ake sawa a wurinmu? Babu. Mun yi makonni muna koyar da ango da amarya, mun duba rigar amarya, mun yi gardama a kan tsawon rigunan ƙawaye, amma ba mu ko tambayi sunan mai hoton ba. Mu ne muka yi sakaci, ma'aurata suka biya.

To, me ya kamata ya sa? Ma'aunin da muke bayarwa ɗaya ne. Yohanna Mai Baftisma ya kwatanta kansa da abokin ango, wanda murnarsa ita ce a ga ango, shi kuwa ya ja baya. Mai hoto ma haka yake. In aka tashi daga biki mutane suna tuna rigarsa, to bai sa daidai ba, ko don ta yi muni ne ko don ta yi kyau fiye da kima.

Wannan na biyun ma mun gan shi. Wani ya zo da babbar riga ta shadda, fara tas, an yi mata aiki har ƙasa, har baƙi suka riƙa gaishe shi a matsayin waliyyi. Aka fara aiki, hannun riga ya riƙa sarƙewa da igiyar kyamara, yana ɗagawa yana naɗewa a kafaɗa, kafin ya gyara amarya ta riga ta wuce. Babbar riga ta wanda zai zauna a gaishe shi ce. Farin kaya kuma ranar nan a bar wa amarya. Ban da wannan, fari yana jan ido, yana fitowa ƙarara a bidiyon da abokin aikinsa ke ɗauka, yana kuma bayyana a gilashin motar amarya da tabarau na mutane. In lokacin hunturu ne, kafin a kai wurin liyafa gwiwar farin wando ta zama ja da ƙura.

Masu wannan sana'a a ƙasashen Turawa sun saba sa baƙi daga sama har ƙasa, kuma matasanmu sun ɗauko haka daga intanet. A cikin majami'a ba laifi. Amma wanda ya taɓa tsayawa a filin makaranta da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafi a Kano ko Sakkwato ke kai digiri 40 ko fiye, ya san baƙin yadi azaba ne. Shuɗi mai duhu, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa, na auduga mai shan iska, sun wadatar. Kaftani gajere da bai wuce gwiwa ba tare da wandonsa ya yi, shat mai dogon hannu da wandon yadi ma ya yi. Ba ma ganin dole sai an sa kwat da laƙataye. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne riga mai rubutu ko hoto: ta ƙwallo, ta mawaƙi, balle ta jam'iyyar siyasa, wadda a garuruwanmu kan iya tada maganar da ta fi ƙarfin biki. Ƙaramin sunan shagonsa a aljihu ba komai, mutum na neman abincinsa ne. Anko kuma na dangi ne. Ko an ba shi kyauta, gara ya ajiye, domin in ya sa, kowace gwaggo za ta ɗauka ɗan gida ne ta aike shi ɗebo ruwa.

Ga abin da muke gaya wa matasanmu masu wannan aiki, kuma ba ya cin ko kwabo: daren jajibere ka sa kayan, ka durƙusa, ka tsuguna, ka ɗaga hannuwa sama kamar kana ɗaukar taro, ka sa ƙaninka ya duba ka ta baya. In wani abu ya buɗe, canja. Ka nemi takalmi rufaffe mai taushin ƙasa, domin daɓen majami'unmu na siminti ne, kuma ƙwas-ƙwas ɗin takalmi ana tsakiyar addu'a ya fi kukan jariri damun mutane. Silifas ba na aiki ba ne. Wandon ya kasance da aljihu mai zurfi na batir da katin kyamara, don kada ka riƙa zarya zuwa jaka. Ka riƙe riga ta biyu, saboda daga majami'a zuwa ƙarshen liyafa awa bakwai ko takwas ne a tsaye, gumi kuwa ba ya jin kunyar kowa. Hula a cire ta a bakin ƙofa kamar yadda sauran maza ke yi, in an fita rana a mayar.

Sai maganar da muka san za ta jawo mana wasiƙu. Yanzu muna da 'yan mata da suka koyi wannan sana'a, wasu ma sun fi mazan. Zani ba ya barin mace ta tsuguna da sauri, siket matsattse kuma ya fi zani matsala. Yawancin ekklesiyoyinmu ba su saba ganin mace da wando a sujada ba, kuma ba mu zo rushe wannan a shafi ɗaya ba. Abin da muke gani shi ne doguwar riga mai faɗi da ta sauka ƙasa da gwiwa sosai, da wando a ƙarƙashinta, da ɗankwali ɗaurarre da ba zai zame ba, sun fi rufe jiki a wannan aiki fiye da zanin da za a riƙa kamawa da hannu ɗaya. Dattawan da ba su gamsu ba suna da iko a majami'arsu, sai dai su faɗa mata tun da sauran mako guda, kada a tare ta a bakin ƙofa. Mu tuna kuma akwai ɗakin da amarya ke shiri, inda namiji bai kamata ya shiga ba. In muka kori 'yan matan nan, wa zai shiga?

Akwai kuma batun abinci. Matasanmu ba bikin Kirista kaɗai suke ɗauka ba, kuma a inda muke, yawancin aikin yana gidajen maƙwabta ne: ɗaurin aure a ƙofar gida ko masallaci, kamu, walima. Wanda aka san shi da kamun kai shi ake sake kira, har a ba shi izinin shiga cikin gida. Wanda ya je ɗaurin aure da gajeren wando, ba shi kaɗai za a daina kira ba, za a ce haka yaran coci suke. Mun san saurayin da da kyamara ɗaya yake biyan kuɗin makarantar ƙannensa uku, kuma kaftani biyu ne kawai yake juyawa, wankakku, gogaggu.

Wani zai ce, ai yanzu kowa mai hoto ne. Gaskiya ne. Da can fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, mai hoto yana lissafin kowane ɗaya, yana tsaye wuri guda. Yau kowace waya kyamara ce, ga kuma masu zuwa ba gayyata su ɗauka, su ruga su wanko, su shimfiɗa a ƙasa a wurin liyafa. Ba za mu rufe musu ƙofa ba. Dokar aure ta ƙasa ma ta ce a ɗaura shi ƙofofi a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, a gaban shaidu aƙalla biyu. Amma shiga majami'a daban, zuwa gaban bagade daban. Wanda ma'aurata suka ɗauka shi kaɗai zai wuce layin gaba, sauran su ɗauka daga inda suke zaune, masu tsaron ƙofa kuma su san fuskarsa.

Tun bayan abin da ya faru, ga yadda muke yi a wurinmu. Ranar da ango da amarya suka fara zuwa koyarwar aure muna rubuta sunan mai hotonsu. Ranar gwaji, wato Juma'a da yamma, yana zuwa tare da su, wani dattijo ya nuna masa inda zai tsaya da inda ba zai taka ba, ya gaya masa lokacin addu'a ba a yawo, sa'an nan a yi maganar kaya a keɓe, ba a gaban 'yan mata ba. Zumuntar Mata kuma ta ɗinka kaftani biyu masu ruwan toka, babba da matsakaici, suna rataye a ofishin fasto. Sau uku ke nan ana ciro su, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ara ya dawo ya tambayi sunan telan.