Samun Sikolashif Daban, Riƙe Shi Daban

Duk shekara, da an ji an buɗe shafin neman tallafin karatu, sai ka ga shagunan intanet na Birnin Kebbi sun cika maƙil, kowa da fayil a hammata. Amma in lokacin sabuntawa ya zo, wuraren nan fayau suke. Ni a ganina nan ne asararmu take. Mun iya neman sikolashif, ba mu iya riƙe shi ba, kuma laifin rabi namu ne, rabi na masu bayarwa.

Bari mu fara da namu. Kusan duk mai ba da tallafi, hukumar gwamnati ce ko kamfani, abin da ya fara dubawa kafin ya sake biya shi ne jimillar makinka, wato CGPA. A tsarin da hukumar NBTE ta shimfiɗa wa makarantu irin tamu ta Waziri Umaru, daraja ta farko tana farawa daga 3.50, ta biyu wadda muke kira Ofa Kiredit daga 3.00, ta uku daga 2.50. Difloma kuwa zango huɗu ce kacal. To yi lissafi da kanka. In ka ci 2.40 a zangon farko, kuma nauyin darussan ya zo ɗaya, sai ka riƙa kawo 3.20 a kowane zango cikin ukun da suka rage kafin ka taɓa 3.00. In kuwa ka maimaita 2.40 a zango na biyu, sai ka kawo 3.60 sau biyu a jere. Wa ya ga ana yin haka da sauƙi? Ɗan jami'a mai zango takwas yana da filin gyara, mu ba mu da shi. Shi ya sa nake cewa sababbin shiga: sikolashif ɗin shekara ta biyu, a watan farko na shekarar farko ake cinsa.

Na san akwai uzuri na gaskiya. Da yawanmu 'ya'yan manoma ne. Wanda ya fito daga Argungu ko Augie, in girbin shinkafa ya kama a fadama, ba zai ce wa mahaifinsa yana da tes ba. Zai tafi, ya dawo ya tarar an yi gwaji biyu babu shi. Wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, ya san akwai gidajen da ɗalibi ne ya koma mai nema musu abinci. Ba na ce kada a taimaki gida ba. Abin da nake cewa, kafin ka hau mota, je wurin malamin darasin ka faɗa masa, ka kuma rubuta wa shugaban sashe takarda. Uzurin da aka kai kafin gwaji ana saurarensa, wanda aka kai bayan an liƙa sakamako kuwa labari ne.

Sai batun takardu, wanda ya fi kowanne ban haushi, domin yana kayar har da masu ƙoƙari. Suna a katin NIN Muhammad, a banki Mohammed, a takardar makaranta Muh'd. Lambar wayar da aka yi rajista da ita ta ɓace tun bara. Rasit ɗin kuɗin makaranta yana cikin aljihun wando da aka wanke. Na'ura ba ta san "ai ni ne" ba, watsar da kai take yi. Ba a fafe gora ranar tafiya: gyara sunanka yanzu, ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a imel.

Mu da ke shirin fita kuma, akwai rami a gabanmu. Tsakanin ND da HND akwai shekara guda ta koyon aiki, wasunmu kuma za su nemi shiga aji biyu kai tsaye a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Aliero. Kada ka ɗauka tallafin zai bi ka da kansa. Sabuwar makaranta, sabuwar lamba, sau da yawa sabon nema. Tambayi mai ba ka tun kana nan, ka samu amsa a rubuce.

Wani zai ce, "To mu yi ta wahala, kuɗin ma yaushe suke zuwa?" Gaskiyarsa. A 2024 an zabge kuɗin wata na ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura ƙasashe irin su Maroko da Rasha a shirin BEA daga dala 500 zuwa 220, alhali sun cika sharaɗinsu. In ana bin ɗalibi bashin maki, shi ma yana bin bashin biya a kan lokaci. Amma jinkirinsu ba hujja ba ce ta sakacinmu. Wanda takardunsa suka cika shi ke da bakin magana.

Kada kuma mu rikita tallafi da rancen NELFUND da aka fara a 2024. Wannan bashi ne, ana fara biyansa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Yana da amfani, amma wanda ya bar kyauta ta suɓuce masa don ya jingina da rance, ya sayar da gona ne ya koma haya.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu ɗaya ne. A ware tebur guda a ofis, da mutum biyu, aikinsu su liƙa ranar buɗewa da rufewar kowane tallafi, su duba wa ɗalibi takardunsa kafin ya tura, su kuma tara sunayen waɗanda ba a biya ba su kai wa Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kebbi a matsayin murya ɗaya. Kuɗin da za a kashe bai kai na rumfa da kujerun makon ɗalibai ba. Zaɓe na tafe. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi ranar da zai kafa teburin nan.