"Sai Ka Kawo Takardar Likita": Tsarin Da Ke Raba Cuta Kyauta

Duk lokacin da ciwon idon nan da ake kira Apolo ya sauka a gari, akwai magana guda da ke fitowa daga bakin manajojin kamfanoni da shugabannin ofisoshi kamar sun haɗa baki: duk wanda bai zo aiki ba ya kawo takardar likita, in ba haka ba a yanke masa kuɗin ranar. Wai tsari ne na hana ƙarya. Amma wanda ya bi shi daki-daki zai tarar babu abin da yake haifarwa illa raba cuta kyauta ga bayin Allah.

Apolo ba baƙo ba ne. A Ghana aka fara ganin annobarsa a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata da kumbon Apollo 11, shi ya sa jama'a suka liƙa masa sunan. Ƙwayar bairas ce ke kawo shi, kuma hannu ne dokinta. Mutum ya murza ido, ya kama marfin ƙofa, ya ɗauki buta, ya yi musabaha, shi ke nan ya miƙa wa na gaba. Galibi yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, likita kuma ba shi da maganin da ke kashe ƙwayar. Abin da ake so ga mai shi ya zauna a gida, ya yawaita wanke hannu, kada ya haɗa tawul da kowa, sai in ciwon ya yi tsanani ko gani ya fara raguwa sannan ya nufi asibiti.

To, mai karatu ya dubi hanyar da lebura a Sharaɗa ko Bompai zai bi don ya samo wannan takarda. Zai fito da jajayen idanu ya shiga A Daidaita Sahu, a matse shi tsakanin mutum biyu, ya miƙa wa direba kuɗi da hannun da ya gama share hawaye. A asibiti ya bi layin yankan kati, sannan ya zauna a benci ɗaya da masu juna biyu, da jarirai, da tsofaffi masu ciwon suga, tun hantsi har azahar. In ya yi sa'a ya ga likita na minti uku, a ce masa ya koma gida ya huta, abin da ya riga ya sani tun da asuba. Kuɗin mota da na kati kuwa sun cinye abin da yake gudun a yanke masa. Wannan lissafin ne ke sa da yawa su ɗora baƙin gilashi su tafi aiki abinsu. Kafin mako ya zagayo, rabin ma'aikatar na hawaye. In Apolo ne da sauƙi. In ƙarambau ne fa, ko korona?

Abin takaici, dokar ƙasa ce ta ba manajojin nan sanda. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya ba ma'aikaci haƙƙin albashin kwanakin aiki har 12 a shekara in rashin lafiya ta hana shi zuwa, amma da sharaɗin likita mai rajista ya shaida. Likita mai rajista! A ina? Ɗimbin ƙananan asibitocin karkara da na unguwanni jami'an lafiya na matakin farko ne ke riƙe da su, ba likitoci ba, sa hannunsu kuwa manaja na iya ture shi ya ce ba shi doka ta ambata ba. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa suka yi kusan wata biyu suna yajin aiki. Shin a waɗancan makonnin cuta ma yajin ta tafi? Ballantana ma'aikatan wucin gadi da ake biya kullum-kullum, waɗanda ake ajiyewa shekara da shekaru ba takardar ɗauka aiki. Su ko sun kawo takardar likita goma, amsar ɗaya ce: ba aiki, ba kuɗi, in ka daɗe kuma ka dawo ka tarar da wani a gurbinka.

Za su ce in ba takarda kowa zai kwanta ya ce ba shi da lafiya. Amma ai kowa ya san maƙaryaci shi ya fi saurin samun takardar. Mai ɗan uwa a asibiti, ko mai abin miƙawa ta ƙarƙashin tebur, yana zaune a gida lafiya garau za a kawo masa ita da hatimi. Wanda tsarin ke kamawa shi ne mai gaskiya marar galihu. Kuma dokar nan da suke taƙama da ita ta ba mai ma'aikata damar ya sa likitan da ya zaɓa ya duba ma'aikacin. Wanda ke zargi ya tura likitansa, ya biya daga aljihunsa mana.

Su kuwa na sama, wa ke tambayarsu? A 2017 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, har ya dawo ba a gaya wa talakawan da ke biyansa albashi abin da ke damunsa ba. A Ingilar da suke rugawa, ma'aikaci na iya kwanciya har kwana 7 da shaidar bakinsa kawai, sai ya wuce haka ake neman takarda. A ƙarshen 2021, da korona ta yi ƙamari, suka ƙara wa'adin zuwa kwana 28 na ɗan lokaci. Mahukuntan nan sun iya kwaikwayon Turawa a hula da gashin dokin alƙalai, amma abin da zai sauƙaƙa wa masinja da maigadi, nan idonsu ke rufewa.

Musulmi ma ba sai ya je Ingila neman darasi ba. Halifa Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Da Amru bin As (RA) ya karɓi ragamar mutanen yankin, umurtarsu ya yi su watse cikin duwatsu, annobar ta lafa. Manajan da ke sahun gaba ran Juma'a, ran Asabar kuma ya tilasta wa mai cuta shiga cikin lafiyayyu, ya san wa ya saɓa wa.

Abin da ake nema ba shi da yawa. A gyara Sashe na 16 yadda ma'aikaci zai iya zama a gida kwanakin farko ba tare da takarda ba, a karɓi sa hannun jami'in lafiyar unguwa, kwanaki 12 ɗin kuma su haɗa da masu aikin kullum-kullum. Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC, wadda ta ja daga har aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a 2024, ta san ƙofar Majalisa. Ta kai wannan ma.