Wai Komai Yana Intanet? Ban da Waƙoƙinmu

Maganar da ta zama ruwan dare a bakin samarin garin Mafaza na Sudan ita ce wai ɓata lokaci ne mutum ya zauna yana tara waƙoƙin da yake so yana jera su. Komai yana intanet, in ji su, ka danna YouTube ko TikTok abin da kake nema ya zo. Ban yarda ba, kuma wannan sakaci asara yake ja mana.

A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a faɗin Sudan. Wanda ya dogara da intanet ya zauna shiru da waya a hannu, mai zakira, wato katin ajiya na waya, a cike kuwa shi aka riƙa bi ana roƙon ya tura ta Bluetooth.

To ko da layin ya dawo, me ke ciki? Shata yana nan, Ɗanƙwairo yana nan, Wardi, mawaƙin Sudan, yana nan, domin masu nemansu suna da yawa. Amma nemo mini waƙar da mata ke yi a bakin turmi a unguwanninmu, wadda Hausa da Larabci suka cakuɗe a cikinta. Nemo mini wadda ake rerawa lokacin yankan riɗi a gonakin Gadarif, ko ta rakiyar amarya a ƙauyukan bakin kogin Rahad. Mutanen Kano ba su san su ba, na Khartoum ba su damu da su ba. A'isha Falatiya ma, 'yar Hausawa kuma mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Omdurman, ta rasu tun 1974, kuma gidan rediyon da aka adana muryarta ya koma fagen fama bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023. Idan taskar gwamnati ta shiga wannan hali, wa zai tsare mana tamu?

Masu kai waya wurin mai turi a kasuwa su ce "cika mini" su ma ban wanke su ba. Ka buɗe ka tarar da lambobi a madadin sunaye, waƙa ɗaya ta maimaitu sau uku, wata ta yanke a tsakiya, kamar rumbun da aka zuba dawa da gero da riɗi wuri guda. Tambayi mai wayar wa ya yi wannan waƙa, sai ya ɗaga kafaɗa.

Aikin tara waƙoƙin da jera su ba shi da wuya. Littafi ɗaya da biro sun isa: sunan waƙa, sunan mawaƙi, wanda ya ba ka, garin da aka ɗauka da shekarar. Na biki daban, na noma daban, begen Annabi daban, sannan a yi kwafi a zakira ta biyu a ba wani ɗan'uwa ya ajiye. In ka ɗauki muryar kakarka tana waƙar daka, kada ka tashi sai ka tambaye ta wurin wa ta koya, da garin da iyayenta suka baro kafin su sauka a Mafaza.