Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano

 

Ranku ya daɗe, kakata ce Allah Ya yi wa rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba, rayuwarta kaf a tsakar gida ta yi ta, tsakanin murhu da turmi. Sai bayan an share makoki muka gane yawan abin da ta tafi da shi.

Ita ce mai daddawar unguwarmu. Takan wuni tana dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta rufe da ganye, kuma da hanci kawai take gane ta nuna. In ta zauna kaɗi, mazari na juyawa, yatsunta fari fat da alli. Mai jego kuwa, ita ke dafa mata ruwan wanka da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa. Bayan isha'i mu kewaye ta, ta ɗauko Gizo da Ƙoƙi. Wallahi cikinmu babu wanda ya iya rabin wannan.

Amma ana iya ceto irin wannan ilimi. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, ya samu ne saboda mace ta zauna ta saurari wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau tana ba da labarin rayuwarta.

Don haka roƙona shi ne ku tura ɗalibai mata cikin gidaje, tunda su ke iya shiga har ɗaka, su naɗi muryoyin tsofaffin da suka rage, a adana a Gidan Ɗan Hausa inda jikoki za su iya zuwa su saurara.

Wassalam,
Wata jika daga birnin Kano