Senegal: ba man Sangomar kaɗai ke barazana ga Tsibirin Tsuntsaye ba

Tun da kamfanin Woodside na Ostireliya ya fara haƙo ɗanyen mai a rijiyar Sangomar cikin watan Yunin 2024, masu fafutukar kare muhalli a Senegal ke nuna fargaba kan makomar yankin Saloum, inda kogi ke shiga Tekun Atlantika. Rijiyar tana cikin teku, kimanin kilomita 100 kudu da Dakar, kuma gaɓar Saloum na cikin wuraren da mai zai iya kaiwa idan ya tsiyaya. Fargabar tana da tushe. Sai dai duk wanda ya lura da yadda tsuntsayen yankin ke hayayyafa zai gane cewa matsalar ta riga man zuwa.

A bakin Saloum akwai wani ɗan tsibiri na rairayi da ake kira Île aux Oiseaux, wato Tsibirin Tsuntsaye, a cikin gandun da gwamnati ta keɓe tun 1976, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Kowace shekara, daga wajen watan Afrilu, dubban tsuntsayen teku kan taru a nan. Mafi yawansu su ne waɗanda ake kira sterne royale da Faransanci: farare ne, da baƙin tukku a ka da dogon baki ruwan lemo.

Wannan tsuntsu ba ya saƙa sheƙa. Ɗan gurbi yake tonawa a rairayi, dab da na maƙwabcinsa, macen ta saka ƙwai, galibi guda ɗaya tak. Uwa da uba na karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan wata guda. Bayan ƙyanƙyasa 'ya'yan kan haɗu garke guda a bakin ruwa, iyaye su tafi su, kowa ya dawo da kifi ɗaya a baki ya nemi ɗansa ta murya a cikin dubbai. Abin lura shi ne, kifin ɗaya-ɗaya ake kawowa. Idan kifi ya yi nisa, tafiya ta yi tsawo, abin da ɗan zai samu a yini ya ragu, kuma babu ƙwai na biyu da zai cike gurbi.

Kifin kuwa ƙanana ne, ciki har da sardinel, wanda Wolof ke kira yaboy, abincin talakan Senegal. Shi ne kuma masana'antun garin kifi da suka yawaita a Nouadhibou ta Muritaniya da gaɓar Senegal da garuruwan Gambiya irin su Gunjur ke saye suna niƙawa, ana fitar da shi Asiya da Turai don kiwon kifi da dabbobi. Masana da ke aiki ƙarƙashin hukumar FAO sun daɗe suna cewa kamun sardinel ya wuce kima. Matan da ke ƙyafa kifi a Joal da tsuntsun da ke kan tsibiri, kwano ɗaya suke ci.

Sannan ga cuta. A Janairun 2021 murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta kashe ƙwasa-ƙwasa kusan 750 a gandun Djoudj, a shekarar da ta addabi gidajen kaji a Nijar da Najeriya. A Maris na 2023 ta dawo, ta hallaka dubban tsuntsayen teku tun daga Langue de Barbarie har Tanji a Gambiya. Cunkoson da ke kare su daga mahara shi ne ke yaɗa cutar. Asarar manya ta fi ta ƙwai ciwo, domin tsuntsun sai ya shekara uku ko fiye kafin ya fara saka ƙwai.

Ita ma ƙasar ba tsayayya ba ce. Tun da guguwar 1987 ta datse zirin rairayin Sangomar teku ke cin gaɓar, kuma igiya ɗaya mai ƙarfi na iya share gurabun shekara guda.

Tsiyayar mai abu ne da ka iya faruwa, shi ya sa ya fi jan hankalin 'yan jarida. Ƙarancin kifi kuwa yana faruwa yanzu, kuma maganinsa, wato taƙaita lasisin kamun kifi da na masana'antun, ya fi ƙarfin Dakar ita kaɗai, domin sardinel na kai-komo ne tsakanin ruwan Muritaniya da Senegal da Gambiya.