Allurar Rubela da Ciwon Sukarin Yara

Abin da aka saba ji a kasuwar Talata Mafara shi ne ciwon sukari na masu ƙiba ne da dattawa. Amma akwai irinsa da ke kama yara, wanda jiki ke daina samar da sinadarin insulin, kuma likitoci sun daɗe suna zargin wasu ƙwayoyin cuta da hannu a ciki.

Wadda aka fi tabbatar da laifinta ita ce rubela, 'yar'uwar ƙyanda mai saukin zazzaɓi, wadda takan wuce ba a ma lura ba. Ɓarnarta tana kan mai sabon ciki. A shekarar 1941 wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, ya gano cewa jariran matan da suka kamu da ita suna zuwa da yanar ido. Da aka bi diddigin irin waɗannan yara, sai aka tarar, ban da kurumta da ciwon zuciya, da dama sun kamu da ciwon sukari bayan sun girma.

Akwai kuma ƙwayar koksaki, dangin ta shan-inna. Ana gwajin allurarta, kuma a 2023 masana a Norwe suka nuna cewa magungunan kashe ƙwayar sun ɗan rage wa sababbin kamu saurin rasa insulin. Wannan duk yana hannun masu bincike tukuna.

Ta rubela kuwa ta iso. A watan Oktoban 2025 Nijeriya ta soma yi wa yara daga wata 9 zuwa shekara 14 allurar ƙyanda da rubela a haɗe. To, gangami na 'yan kwanaki ne, haihuwa kuwa kullum ake yi. Yarinyar da ke ƙauyen bayan dam ɗin Bakolori, ko a dajin Maradun inda 'yan bindiga suka hana ma'aikatan lafiya shiga, nan da 'yan shekaru ita ce amarya. In ɗanta ya tashi da wannan ciwo, allurar insulin ce har iyakar rai, ga tsada, ga ta ba ta jure zafi, a garin da ba wuta.

Saboda haka ya wajaba ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun su tabbata allurar tana nan a kowane ɗakin shan magani, su bi yaran da gudun hijira ya sa aka tsallake. Ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau kuma, in sun je hutu, su duba katin rigakafin ƙannensu.