Sharhi: Ƙudirin keɓe wa mata kujeru a majalisa da abin da yake nufi ga Jihar Gombe

Mai jefa ƙuri'a a Tumfure, unguwar da ke gefen birnin Gombe a Ƙaramar Hukumar Akko, yana da wakilai biyu a Majalisar Tarayya: Usman Bello Kumo a Majalisar Wakilai, da Sanata Muhammad Danjuma Goje mai wakiltar Gombe ta Tsakiya. A zaɓen 2023, maza ne suka lashe kujerun sanata uku da na wakilai shida na jihar baki ɗaya.

Ba haka lamarin yake a baya ba. Fatima Binta Bello ta wakilci Kaltungo da Shongom daga 2011 zuwa 2019, yayin da Aishatu Jibril Dukku ta wakilci Dukku da Nafada daga 2015 zuwa 2023. A matakin ƙasa kuwa, mata huɗu ne kacal cikin sanatoci 109 na Majalisa ta 10, kuma ba su kai 20 ba cikin wakilai 360.

Wannan giɓi ne ƙudirin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya jagoranci gabatarwa yake neman cikewa. Kamar yadda aka gabatar da shi, za a ƙara wa kowace jiha da Abuja kujera ɗaya ta mata a Majalisar Dattawa da ɗaya a ta Wakilai, sannan uku a kowace majalisar dokokin jiha, jimilla 182. Babu namijin da zai rasa kujerarsa. Ga Gombe, hakan na nufin sabbin kujeru biyar, kuma majalisar jihar za ta tashi daga mambobi 24 zuwa 27.

Sai dai hanyar tana da tsawo. Sashe na 9 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi amincewar kashi biyu cikin uku na kowane zaure, tare da majalisun jihohi 24 cikin 36. A watan Maris na 2022, Majalisa ta 9 ta yi watsi da makamancin wannan ƙudiri, abin da ya sa mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar. Masu adawa na kafa hujja da ƙarin kuɗin tafiyar da gwamnati, wasu kuma na ganin kujerar da aka keɓe za ta sa a riƙa raina mai riƙe da ita.

Akwai kuma batun da ba a cika tattaunawa ba, wato faɗin mazaɓa. Matar da za ta nemi kujerar tarayya ta musamman za ta zagaya ƙananan hukumomi 11, daga Nafada zuwa Shongom, tamkar mai takarar gwamna, alhali rashin kuɗi na cikin manyan abubuwan da ke hana mata tsayawa. Idan jam'iyyu ba su gyara zaɓen fid da gwani ba, masu uwa a gindin murhu ne kawai za su samu tikiti, ba malamar makaranta ko 'yar kasuwar Tumfure ba.

Maƙwabciya Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya. Dokar shekarar 2000 ta tilasta wa jam'iyyu ware aƙalla kashi 10 cikin 100, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, ba tare da ƙirƙiro kujerun mata zalla ba. Kenya kuwa ta keɓe kujeru 47 tun kundin 2010.

Duk lokacin da ƙudirin ya tsallake Abuja, Majalisar Dokokin Jihar Gombe na cikin waɗanda za su yanke hukunci a kansa. Don haka mazauna Akko na da damar tambayar wakilansu na jiha matsayinsu kafin ranar ƙuri'a.